Babi na Shida: Ɗora Tor a Kwamfutar Gida

Ranar 5 ga Yunin 2021 'yan Najeriya suka wayi gari Twitter ba ya buɗuwa. Gwamnatin tarayya ce ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe shi, kwanaki kaɗan bayan ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, kuma ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022. A watanni bakwai ɗin nan mutanen da ba su taɓa jin kalmar VPN ba suka zama masu koyar da ita. Kowa ya sauke wadda abokinsa ya nuna masa, ta kyauta, ba wanda ya tsaya tambayar ko ta wace ce. Mutanen Chadi sun riga mu shan wannan: daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur, sai ta bayan gida ake shiga Facebook da WhatsApp a ƙasar.

Toshewar ta nuna wa jama'a abin da dama yake nan ba a lura da shi ba, wato akwai wani a tsaye tsakaninka da duk shafin da ka buɗe. Wanda ya iya hana ka shiga, ya san inda kake shiga. Kamfanin da ya sayar maka da data yana ganin sunan shafin da ka nufa, da lokacin da ka shiga, da daɗewar da ka yi, ko da bai iya karanta abin da ke ciki ba. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na tsawon shekara 2. Tun Disamban 2020 kuma aka fara haɗa kowane layi da lambar NIN. Saboda haka daga adireshin IP, lambar da na'urarka ke ɗauke da ita a intanet, zuwa layi, daga layi zuwa sunanka da hotonka, tafiyar ba nisa.

Mutane da yawa suna ɗauka tagar Incognito ta Chrome ta raba wannan gardama. Ba ta raba ba. Abin da take yi kawai shi ne ta hana kwamfutarka riƙe tarihin inda ka je, don kada wanda zai zauna bayanka ya gani. Kamfanin layi yana gani, shafin ma yana gani. A 2024 Google ya amince zai goge biliyoyin bayanai don kashe wata ƙara da aka shigar da shi a Amurka tun 2020, kan zargin yana bibiyar mutane alhali suna cikin wannan taga. VPN kuwa tana rufe wa kamfanin layi ido, amma ta buɗe wa mai VPN ɗin. Idan mutumin kirki ne, to madalla. Idan kuwa kyauta yake ba ka, da walakin goro a miya. Facebook ya taɓa mallakar wata VPN ta kyauta mai suna Onavo, yana amfani da ita wajen nazarin manhajojin da mutane ke buɗewa a wayoyinsu, har aka fitar da ita daga shagon Apple a 2018.

Tor an gina shi ne a kan wani tunani dabam: kada ka ba mutum ɗaya dukan amanarka.

Direbobi uku

Ka ɗauka kana Kano, kana son aika takarda Maiduguri ba tare da an san kai ne ka aika ba. Sai ka sa ta a akwati ka kulle, ka sa akwatin cikin wani ka kulle, ka sa wannan cikin na uku. Direban farko da ka ba wa a tasha ya ga fuskarka, amma makullin akwatin waje kaɗai gare shi, kuma da ya buɗe abin da zai gani shi ne: a miƙa wa wane a Azare. Na Azare bai san ka ba, direban Kano ya sani, kuma nasa makullin ya nuna masa Potiskum. Na Potiskum shi zai buɗe akwatin ƙarshe ya kai takardar inda za ta. Ya san mai karɓa, bai san daga ina ta taso ba. Babu ɗaya cikin ukun da ya haɗa sanin mai aikawa da mai karɓa.

Haka Tor yake aiki. Direbobin kwamfutoci ne na 'yan sa-kai, dubbai, a warwatse a duniya, mafi yawansu a Turai da Amurka ta Arewa. Wasu jami'o'i ne ke tafiyar da su, wasu ƙungiyoyi, wasu ɗaiɗaikun mutane. Burauzarka ce ke zaɓen uku daga cikinsu, ta mashiga da ta tsakiya da ta mafita, ta kulle saƙonka sau uku kafin ya bar gidanka. Kowane shafi da hanyarsa dabam, kuma ana sauya hanyoyin a kai a kai, wajen kowane minti 10 ga sabuwar buƙata. Ta mashiga ce kawai ake riƙewa na wata biyu zuwa uku. Da gangan aka yi haka: in kana sauya mai ganin fuskarka kullum, wata rana sai ka faɗa hannun mugu.

Asalin dabarar daga ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka ta fito a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, waɗanda suka kira ta hanyar albasa saboda ɓawo a kan ɓawo. A 2002 Syverson da Roger Dingledine da Nick Mathewson suka ƙaddamar da Tor, a 2006 aka kafa ƙungiyar Tor Project mai zaman kanta, a 2008 kuma aka fara haɗa komai a burauza guda da kowa zai iya saukewa. Na san abin da mai karatu zai ce da jin sunan sojan Amurka, kuma bai yi laifi ba. Shekaru da yawa mafi yawan kuɗin ƙungiyar daga hukumomin gwamnatin Amurka yake zuwa. Amma a duba dalilin da ya sa suka saki abin ga duniya. Da jami'ansu kaɗai ke amfani da shi, duk wanda aka gani a kai an san ko wane ne. Ɓuya sai cikin taro. Sannan rubutun manhajar a buɗe yake, masana a ƙasashe da dama suna tona shi suna neman aibinsa. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 sun nuna hukumar NSA da kanta tana kukan cewa ba ta iya gane dukan masu amfani da Tor a kowane lokaci, sai ɗaiɗaiku, su ma da wahala. Wannan ba shaidar cewa Tor ba ya fasuwa ba ce. Shaida ce cewa fasa shi yana da tsada.

Inda za ka samo shi

Ɗora Tor bai fi aikin minti goma ba. Matakin da ya fi kowanne hatsari shi ne na farko, kuma shi mutane suka fi rainawa.

Wuri ɗaya ake sauke shi: torproject.org. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp ko wanda ke ƙarƙashin wani bidiyo. Kada ka karɓa a filashar aboki, kada ka bar mai gyaran kwamfuta ya ɗora maka daga cikin tarin manhajojinsa, ko da mutumin kirki ne, don shi ma bai san inda nasa ya fito ba. Mai neman Tor ya riga ya bayyana cewa yana da abin da yake son karewa, shi ya sa 'yan damfara suke ɗana tarko a daidai wannan ƙofa. A 2019 kamfanin tsaro na ESET ya gano wani Tor na jabu da ake yaɗa wa masu jin Rashanci, yana aiki sumul kamar na gaske, amma yana sauya adireshin asusun bitcoin ya karkatar da kuɗin. A 2022 Kaspersky ya gano wani da ake rabawa ta wata tashar YouTube ta harshen Sinanci, wanda ke tattara bayanan mutum ya aika wa masu shi. A 2023 kamfanin ya sake ba da rahoton wasu na jabun da suka sace kuɗin kirifto na kimanin dala 400,000. Duk waɗanda abin ya shafa sun ɗauka sun shiga mafaka.

A shafin za ka ga na Windows da na macOS da na Linux da na Android. Girman fayil ɗin wajen megabait 100 ne, don haka ka tabbata datarka za ta kai, wutar kuma ba za ta yanke maka a tsakiya ba. Tun fitowar Tor Browser 14 a Oktoban 2024, sabon yana buƙatar Windows 10 ko abin da ya fi. Wanda har yanzu yake kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, matsalarsa ta wuce ta burauza.

Kusa da kowane maɓallin saukewa akwai wani ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .asc. Sa hannun masu manhajar ne, wanda ke tabbatar da cewa abin da ya iso gare ka shi ne abin da suka saki, ba a taɓa shi a hanya ba. Duba shi yana buƙatar manhajar GnuPG, wadda a Windows ake samu da sunan Gpg4win. Za ka ɗauko makullin masu haɗa Tor Browser, wanda lambarsa ta ƙare da 9329 8290, ka umarci manhajar ta gwada fayilolin biyu, in komai daidai ne ta rubuto maka "Good signature". Shafin taimako na Tor ya jera umarnin layi-layi, kwafa kawai za ka yi. Yawancin mutane tsallake wannan mataki suke yi. Wanda yake son kauce wa masu talla ne kawai, ba zan matsa masa ba. Amma ɗan jaridar da ran wani ke hannunsa, ko ma'aikacin da zai fallasa almundahana, ba shi da uzurin tsallakewa.

In shafin bai buɗu ba saboda an toshe shi, ka aika imel zuwa gettor@torproject.org, ka rubuta sunan tsarin kwamfutarka a ciki. Za a maido maka da wasu wuraren saukewa. A nan duba sa hannu ya zama dole.

Sauran aikin ba wuya. A Windows ka danna fayil ɗin sau biyu, ka zaɓi harshe (akwai Larabci da Faransanci ga wanda suka fi masa sauƙi), ka bar shi ya zauna inda ya zaɓa, wato folda guda a kan allon farko. Ba ya bazuwa cikin kwamfuta kamar sauran manhajoji, komai nasa yana cikin wannan folda, har kana iya ɗora shi a filasha. A macOS jan sa za ka yi zuwa foldar manhajoji. A Linux ka kwance ƙunshin ka tayar da fayil ɗin start-tor-browser. Wani lokaci manhajar kashe bairos takan yi ƙara a kansa. In daga shafin gaskiya ka sauke kuma sa hannun ya yi daidai, ƙarar banza ce.

Da ka buɗe za ka ga maɓalli mai launin shunayya an rubuta "Connect". Ka danna, ka jira. In ya haɗu, ka shiga check.torproject.org, zai gaya maka ko ta Tor kake, ya nuna maka adireshin IP ɗin da duniya ke gani, wanda ba naka ba ne.

In ya tsaya cak ya ƙi gaba, kafin ka zargi kowa ka dubi agogon kwamfutarka. Tor yana dogara da takardun shaida masu wa'adi, kuma in kwanan wata ko sa'a ta kauce sosai ba zai haɗu ba. Wannan ya fi damun masu kwamfutar tokumbo, wadda ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, kullum aka kunna ta sai ta koma wata shekarar da ta wuce. Ka gyara kwanan wata, ka gyara yankin lokaci. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru sa'a ɗaya suke gaban agogon GMT, Ghana kuwa daidai take da shi.

Gadoji

Jerin kwamfutocin Tor ba sirri ba ne, kowa yana iya gani. Saboda haka kamfanin layinka, ko da bai san inda ka nufa ba, ya san Tor ka shiga, kuma gwamnatin da ta ga dama tana iya toshe jerin gaba ɗaya. China ta daɗe tana yi, Iran ma haka, Rasha kuma ta fara a Disamban 2021. Maganin wannan shi ne gada: mashigar da ba a sa ta a jerin jama'a ba, wadda kuma ke sauya wa zirga-zirgarka kama. Wadda ake kira obfs4 tana mai da ita tarkacen da ba a gane kansa. Snowflake tana sa ta yi kama da kiran bidiyo, ta bi ta burauzar wani ɗan sa-kai a wata ƙasa, kuma ita ce ta ɗauki mutanen Iran da yawa lokacin zanga-zangar 2022. WebTunnel, wadda ta fito a 2024, tana shigar burtu a matsayin shafin intanet na yau da kullum. Duk suna cikin saitin haɗi na burauzar, kuma tun 2022 ita da kanta takan ba da shawarar gadar da ta dace in ta ga an toshe hanya.

Gada ba ta ƙirƙiro sabis inda babu. Lokacin da aka kashe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, ko aka yanke intanet ɗin waya a Nijar bayan zaɓen Fabrairun wannan shekara, babu Tor ko VPN da zai yi wa kowa amfani.

Abin da ba za ka taɓa ba

Tor Browser Firefox ce aka yi wa gyara, kuma yawancin gyaran manufarsa guda: a sa duk masu amfani da ita su yi kama da juna. Shafuka ba da adireshin IP kaɗai suke gane mutum ba. Suna duba girman allonka, da irin haruffan da ke kwamfutarka, da harshenta, da yankin lokacinta, da yadda take zana hoto, su haɗa su zama tambarin da kai kaɗai ke da shi. A 2010 ƙungiyar EFF ta gwada wannan a kan burauzoji kusan rabin miliyan, ta samu fiye da kashi 80 cikin 100 kowace da tambarinta. Wannan ne ya sa za ka ga wani fili fayau a gefen shafi in ka faɗaɗa tagar Tor. Ba lalacewa ba ce, ɓoye ainihin girman allonka ake yi. Shi ya sa kuma ba a ƙara mata komai. Duk wani ɗan ƙari da ka ɗora, ko na toshe talla ne, ya fitar da kai daga cikin taro.

Abu ɗaya da aka bar maka ka juya shi ne matakin tsaro, a alamar garkuwa da ke sama. Matakai uku ne. Na farko yana barin komai ya yi aiki. Na biyu, "Safer", yana kashe JavaScript, wato umarnin da shafi ke sa burauza ta aiwatar, a shafukan da ba su da kariyar HTTPS, ya hana bidiyo tashi sai ka danna. Na uku, "Safest", yana kashe JavaScript ko'ina, shafuka da yawa su koma rubutu da hoto kawai. Ni a ganina na biyun ya ishi yawancin mutane, na ukun kuma na ranar da aikin ya yi nauyi ne. Dalilin tsoron JavaScript ba zato ba ne. A Agustan 2013 hukumar FBI ta yi amfani da wata kafa a tsohuwar Firefox ta dasa umarni a wasu shafuka, wanda ya sa kwamfutocin Windows suka aika ainihin adireshinsu. Waɗanda suka sabunta burauzarsu abin bai taɓa su ba, don an riga an toshe kafar makonni kafin nan. In ta ce maka akwai sabuntawa, ka bar abin da kake yi ka sabunta.

Direban ƙarshe shi ke buɗe akwatin ƙarshe, kuma in takardar ba a rufe take ba zai iya karantawa. A 2007 wani ɗan Sweden mai binciken tsaro, Dan Egerstad, ya kafa mafita biyar ya zauna yana kallon abin da ke wucewa. Ya fito da kalmomin sirri na akwatunan imel 100 na ofisoshin jakadanci da hukumomin gwamnatoci ya wallafa. Jami'an sun ɗauka tunda suna kan Tor komai a rufe yake. Yau lamarin ya yi sauƙi, don yawancin shafuka suna da HTTPS, wadda ke rufe takardar, burauzar ma tana ƙin buɗe wanda ba shi da ita sai ta gargaɗe ka. In ta gargaɗe ka, kada ka rubuta kalmar sirri a wurin.

Akwai kuma shafukan da adireshinsu ya ƙare da .onion, masu haruffa 56 da ba sa haddatuwa, waɗanda ba a fita daga cikin Tor kafin a isa gare su, don haka babu maganar mafita. Su ne ake yi wa laƙabi da duhun intanet, kuma gaskiya ne akwai ƙazanta da kasuwannin haram a cikinsu. Amma Facebook ya buɗe nasa a 2014, New York Times a 2017, BBC a 2019, saboda masu karatu a ƙasashen da aka toshe su.

Inda ake kama mutane

Idan aka bi labaran waɗanda aka gano duk da suna kan Tor, da wuya a samu wanda aka fasa lissafin kulle-kullen. Mutum ne ke tona kansa.

A Disamban 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don a ɗage jarrabawa. Ya bi ta Tor, ya yi amfani da imel na wucin gadi. Amma da intanet ɗin makarantar ya shiga, wanda sai da sunanka ake hawa. Masu bincike suka ga saƙon ta Tor ya zo, suka duba su wa suka hau Tor a harabar a wannan sa'a, suka same shi, ya amsa. Ba a buƙaci karanta komai ba. Taron da ya ɓuya a ciki ne ya yi ƙanƙanta. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye: a ofis ko unguwar da kai kaɗai ke hawa Tor, hawan kansa alama ce, kuma nan ne gada take da amfani ko da ba a toshe komai ba. Ross Ulbricht, mai kasuwar ƙwayoyi ta Silk Road da aka kama a wani ɗakin karatu a San Francisco a Oktoban 2013, shi kuma tsohon rubutunsa ne ya ci shi. Tun farkon kasuwar ya tallata ta da wani sunan aro, daga baya ya yi amfani da wannan sunan ya nemi ma'aikaci, ya sa adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunansa.

Ba don a koya wa masu laifi gyara na kawo waɗannan ba. Kuskuren da suka yi shi ne wanda mai gaskiya ma zai yi: matar da ke neman bayanin wata cuta ba ta son dangin miji su sani, ko ma'aikacin da ya ga ana sace kuɗin jama'a yana son sanar da jarida. Da ka shiga Facebook ko Gmail da sunanka ta cikin Tor, shafin ya san kai ne, inda kake kawai ya ɓace masa. In ka buɗe sabon asusu na ɓoye ka ba shi lambar wayarka don karɓar lambar tabbatarwa, ka ɗaura shi a NIN ɗinka. In ka sauke takardar Word ko PDF ka buɗe ta da wata manhaja alhali kana kan intanet, tana iya janyo wani abu daga waje ta hanyar da ba ta bi Tor ba, adireshinka ya fita. Hoton da ka ɗauka da waya yana iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi da samfurin wayar. Manhajojin torrent sukan aika ainihin adireshinka ko ka saita su su bi Tor, sannan suna cinye hanyar da wasu ke buƙata. Har salon rubutunka shaida ne. Wanda ya saba karanta ka zai gane ka ko ba suna.

Tor Browser kuma kanta kaɗai take karewa. WhatsApp ɗin da ke kwamfutar, da Chrome da ke buɗe a gefe, duk ta hanyarsu ta kullum suke fita.

Akwai abin da ya fi ƙarfin tsarin, masu shi ma ba su ɓoye ba. Wanda yake iya kallon bakin shiga da bakin fita a lokaci guda, zai iya gwada lokaci da yawan abin da ya shiga da wanda ya fita, ya haɗa biyu da biyu. Wannan aikin manyan hukumomi ne masu dogon hannu, kuma a 2024 'yan jarida a Jamus sun ba da rahoton cewa 'yan sandan ƙasar sun yi nasara da irin wannan dabara a wani bincike. Wanda irin waɗannan ke nema, burauza kaɗai ba za ta ishe shi ba.

Sai kuma 'yan wahalhalun yau da kullum. Tor yana da nauyi, tunda saƙonka sai ya zaga kwamfutoci uku masu nisa kafin ya isa, wataƙila ma shafin yana Legas ne. Shafuka da yawa za su dame ka da gwajin nuna cewa kai ba na'ura ba ce, wasu su ƙi ka ɗungurungum. Wikipedia tana bari a karanta amma ba ta bari a yi gyara ta Tor. Kada ka kusanci asusun bankinka da shi. Bankin zai ga an shigo daga Jamus ko Holand, ya ɗauka ɓarawo ne, ya rufe, ka kwana a layi, alhali ba abin da ka ɓoye masa tunda ya san ka.

Kwamfutar da ba taka kai kaɗai ba

A gidajenmu kwamfuta ɗaya takan zama ta kowa: maigida, uwargida, yara masu aikin makaranta, ƙanen da ke sauke fim da wasa daga duk inda ya samu. Tor Browser tana goge tarihinta da zarar an rufe ta, amma foldarta tana nan a allo kowa na gani, abin da ka sauke yana nan, shafin da ka yi wa alama yana nan. Cire ta ba wuya, goge foldar kawai za ka yi ka zubar da kwandon shara. Babbar matsalar ita ce abin da ke ƙarƙashi. In Windows ɗin ta sata ce, ko wani wasan da aka sauke ya shigo da manhajar leƙen asiri mai rubuta duk abin da aka buga, an gudu ba a tsira ba, don an karanta saƙon tun kafin a sa shi a akwatin farko.

Ga mai irin wannan kwamfuta akwai Tails, wanda ya fito a 2009, Snowden da 'yan jaridar da suka yi aiki da shi suka yi amfani da shi, a Satumban 2024 kuma ya haɗe da Tor Project. Cikakken tsarin kwamfuta ne da ake ɗorawa a filasha mai gigabait 8 ko fiye. Za ka kashe kwamfutar, ka soka filashar, ka tayar da ita daga can maimakon daga Windows. Duk abin da zai fita intanet sai ya bi Tor, ba ya rubuta komai a faifan kwamfutar, kuma da ka kashe ya manta abin da aka yi, sai abin da ka zaɓa ka ajiye a wani sashe mai kalmar sirri a cikin filashar. Ana sauke shi a tails.net, girmansa ya haura gigabait 1, kuma duk abin da ke cikin filashar zai goge lokacin ɗorawa, don haka a sayi sabuwa a keɓe masa. Yadda ake sa kwamfuta ta tashi daga filasha ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri: a yawancin Dell da Lenovo maɓallin F12 ake dannawa da zarar an kunna, a HP kuma F9 ko Esc.